Wasiƙa daga Sheffield: masu hawan ƙusa da masu hawan gargajiya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa lafiya. Ya jikin Hajiya, ya yara, ya kasuwa? Mu nan sai godiya, sanyi ne dai ya fara shigowa.

Na ga saƙonka game da hoton da na turo, inda kake tambayar tarkacen ƙarafunan hawan dutse da ke rataye a ƙuguna, nawa ake sayar da su, kuma ko akwai abin da ɗan kasuwa zai ci a ciki. Amsar tana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni.

Garin nan namu a bakin wani yanki yake mai suna Peak District. Tafiyar minti 20 ko 30 a mota ka bar gari ka shiga duwatsu, kuma akwai jirgin ƙasa da ke tsayawa a ƙauyen Hathersage ga wanda ba shi da mota. Dutsen da aka fi zuwa shi ne Stanage. Ba shi da tsayi a sama, da ƙyar yake kai mita 25, amma a kwance ya kusa kilomita 6, kuma hanyoyin hawa sama da 1,000 ne a jikinsa, kowace da sunanta a littafi. Irin dutsen da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi ne, har yau ga manyan duwatsun niƙa nan zube a gindinsa waɗanda aka sassaƙa ba a samu masu saye ba. Babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗin shiga, sai dai kuɗin ajiye mota a wasu wuraren. Ba haka abin yake da can ba. A 1932 sai da ma'aikatan Manchesta da Sheffield suka kutsa tudun Kinder Scout da gangan don masu filaye sun hana talaka shiga, har aka ɗaure wasunsu. A 1951 aka mai da yankin gandun ƙasa na farko a Birtaniya, a 2000 kuma aka yi dokar da ta ba kowa damar yawo a irin waɗannan wurare.

Masu hawa da igiya a nan kashi biyu ne, kuma kowane ɓangare yana ganin nasa ne daidai.

Na farko su ne masu hawan ƙusa. Wani ya riga ya zo da injin huda, ya kafa ƙusoshin ƙarfe a jikin dutsen tun daga ƙasa har sama, tsakanin wannan da waccan mita 2 ko 3, ya sa zobe a can ƙarshe. Kai naka kawai ka hau, kana isa ƙusa ka maƙala ƙugiya, ka zura igiya, ka wuce. In ka zame, ƙusar da ke ƙasa da kai ta tare ka, abokinka mai riƙe igiya ya tsayar da kai kana lilo. Faɗuwa ba komai ba ce a wurinsu. Mutum zai faɗo daga wuri ɗaya sau ba adadi har jikinsa ya haddace motsin.

Na biyu masu hawan gargajiya. Su dutsen babu komai a jikinsa. Na gaba yana hawa yana neman tsaga, ya zaɓi ƙarfen da ya dace daga ƙugunsa, ya cusa, ya fizga ya ji ya kama, sannan ya zura igiya. Na baya in ya biyo shi yana cirewa ɗaya bayan ɗaya. Suna sauka ba za ka san an hau wurin ba. Kai da ka san kasuwa, bambancin mai shagon haya ne da ya tarar an kafa masa kanta da mai rumfar da kullum da safe sai ya kafa da hannunsa, da yamma ya kwashe.

Waɗannan ƙarafunan na gargajiya su ka gani a hoton, kuma asalinsu zai ba ka dariya. Tsofaffin mahaya tsakuwa suke zubawa a aljihu, su cusa a tsaga su ɗaura igiya a kai. Daga baya, wajen 1960, masu zuwa wani dutse a Wales suka riƙa tsintar noti a gefen layin dogon da ke hawa tudun Snowdon, su goge zaren cikinsa su zura igiya. Har yau sunan abin noti, ko da yake yanzu da alminiyom ake yin sa, mai siffar ɗan gatari a kan waya. Akwai kuma mai tsadar, wanda wani Ba'amurke Ray Jardine ya ƙirƙiro, kamfanin Wild Country na nan yankin ya fara sayarwa a 1978 da sunan Friend. Kana jan kunamarsa sai haƙoransa su tsuke, ka tura cikin tsaga ka saki, su buɗe. Duk yadda nauyi ya ja shi ƙasa, haka yake ƙara cizon dutsen. Wani kamfani mai suna DMM a Wales yana ƙera irin waɗannan kaya tun 1981, kuma har yanzu a can ake yi, a garin Llanberis, abin da ya yi ƙaranci a ƙasar nan da kusan komai daga waje ake kawowa.

Maganar kuɗi kuwa, mai haƙoran nan guda ɗaya yakan kai fam 60 zuwa 80, kuma mutum yana bukatar girma daban-daban, ga saitin noti a kai. Kafin ka haɗa kayan gargajiya cikakku ka kashe fam ɗaruruwa. Mai hawan ƙusa ƙugiyoyi kamar dozin ɗaya sun ishe shi. Igiya da ɗamara da hular kwano da takalmi kuwa dole ne ga kowa. Kada ka yi lissafin da naira, hawan jini zai kama ka.

Yanzu ga amsar tambayarka: ban ga kasuwa a ciki ba, Yaya, kuma gwanjon da kake tunani shi ne ma abin da ba a yi. Turawan nan da ke sayen tsohuwar riga da tsohon keke ba sa sayen tsohuwar igiyar hawa. Kamfanonin da kansu suna rubutawa cewa igiya ko ɗamara, ko ba a taɓa amfani da ita ba, in ta kai shekara 10 a daina. Ruwan batir ko rana na iya cinye ta daga ciki, ido bai gani ba. Kowane kaya yana ɗauke da tambarin gwaji na Tarayyar Turai, wato CE, yawanci har da na ƙungiyar mahaya ta duniya, UIAA, da lambar da za a gane ranar da aka yi shi. In aka gano aibi a wani rukuni, kamfani yakan yi shela a dawo da shi a canza kyauta. Wannan kam ya burge ni, na tuna yadda ake rubuta mana a rasit cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Igiyar da ta tsufa tabarmar ƙofa ake saƙawa da ita ko a yi wa kare linzami. Ko ɗaurin kaya a mota ba za ta yi maka ba, don da gangan aka yi ta mai miƙewa, saboda kada ƙugun wanda ya faɗo ya karye.

Inda muka fi su nesa ba kusa ba shi ne gyara. Takalmin hawa matsattse ne, ƙasansa roba mai laushi, kuma bakin babban yatsa yake fara cinyewa. A nan sai ka naɗe shi ka kai gidan waya, ka jira makonni, ka biya abin da ya kusa rabin kuɗin sabo. Aikin yana kyau, ba ƙarya, don roba ta musamman suke sawa kuma suna da ƙafar katako daidai da kowane samfuri. Amma duk lokacin da na biya sai na tuna masu gyaran takalmi na bakin Kasuwar Sabon Gari, da za su gama maka kana zaune kuna hira. A ƙasar nan kaya ba su kai hannun mutum tsada ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne rigimar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Ƙasa ce da ko tsani za ka hau a wurin aiki sai an yi maka bita an cike takarda. Amma a Stanage da sauran duwatsun niƙa, ƙusa ko ɗaya ba a yarda a kafa ba. Ba gwamnati ce ta hana ba, mahayan ne suka yi ittifaƙi a tsakaninsu, kuma wanda ya kuskura ya kafa, kafin wani lokaci zai tarar an sare ta. Akwai hanyoyin da babu tsagar da za ta karɓi ƙarfe sai can sama, wanda ya faɗo kafin nan ƙasa zai sha. Su a wurinsu haka Allah ya yi dutsen, in ba za ka iya ba ka nemi wata hanyar. Har ma'aunin wahalarsu kashi biyu ne: ɗaya yana faɗin wahalar motsi mafi tsanani, ɗayan yana haɗawa da hatsari da gajiya, daga masu sauƙi har zuwa E1, E2, a yi ta hawa. A 2006 wani ɗan Sikotilan, Dave MacLeod, ya hau hanyar da aka ba E11 a dutsen Dumbarton na ƙasarsu. Kuma suna alfahari da tarihinsu ƙwarai. Duk dattijon da ka zauna da shi sai ya kawo maka Joe Brown, ɗan talakawan Manchesta mai aikin gini da famfo, wanda ya buɗe hanyar Right Unconquerable a Stanage a 1949 ba tare da ko ɗaya daga cikin kayan zamanin nan ba.

Masu ƙusa su ma suna da hujja. Suna cewa su ƙarfi da gwaninta suka zo gwadawa, ba ƙarfin hali ba, kuma mai iyali bai kamata ya sa ƙafarsa a caca don nishaɗin ranar Asabar ba. An bar musu yawancin dutsen farar ƙasa da tsofaffin wuraren fasa dutse. Akwai Horseshoe Quarry, wanda ƙungiyar mahaya ta ƙasa, BMC, ta saya don kowa ya shiga. Akwai Raven Tor, inda Ben Moon ya hau hanyar Hubble a 1990, wadda a lokacin ake lissafa ta cikin mafi wuya a duniya. Da gaske ne kuma ba a kai wannan matakin sai da ƙusa, don ba ka koyon motsi irin wannan sai ka faɗo ka sake faɗowa. Matasa yawanci nan suka fi karkata, tunda a ɗakunan hawa suka koya. A garin nan akwai The Foundry tun 1991, bango ne na roba da katako a cikin gini, ka biya a ƙofa, a ba ka hayar takalmi, ga shayi ga ɗumi. Tun da Toby Roberts ya ci wa Birtaniya zinare a gasar Olamfik ta Faris a 2024 yana ɗan shekara 19, iyaye sai ƙara kawo yara suke.

Ni dai na gargajiya na fi so, ko da yake uwargida ba ta so ta ji haka. Mutane suna ɗauka ƙusa ita ce lafiya, amma wa ya kafa ta? Ba ma'aikacin hukuma ba ne, ɗan sa-kai ne da ba ka taɓa gani ba, wataƙila shekara 20 da suka wuce, da kuɗin aljihunsa ko na wani asusu da mahaya ke jefa wa taro da sisi. Yawancinsu aikinsu mai kyau ne, amma babu wanda zai ba ka garanti, kuma a bakin teku gishiri yana cin ƙarfe ta inda ba ka gani. Ƙarfen da na cusa da hannuna kuwa na san yadda ya zauna. In bai zauna ba ni na sani, sai in sauko tun da wuri. Don haka hanyoyi masu sauƙi nake bi, ƙasa da abin da nake iyawa a bangon ɗaki, kuma ba na jin kunyar hakan. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 da rabi, mutum ya tashi aiki ya je ya yi hawa biyu ko uku ya dawo kafin magariba, in ƙananan ƙudajen nan masu cizo sun bar shi. Ƙwararrun su sun fi son lokacin sanyi, wai hannu ya fi kama dutsen.

Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta game da hatsari. In wani abu ya faru 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, a ce a turo masu ceton dutse. Waɗanda ke zuwa Stanage ƙungiyar Edale ce, kuma dukkansu 'yan sa-kai ne: malamin makaranta, makaniki, ma'aikaciyar jinya, kowa ya ajiye aikinsa ya ɗauko jaka. Su ɗauko mutum a gado su sauko da shi, wani lokacin har da jirgi mai saukar ungulu, ba a tambayarsa ko kwabo, ba a ce sai an ajiye wani abu kafin a taɓa shi. Da gudummawar jama'a suke tafiya, za ka ga asusunsu a kan kantar shaguna. Ƙetare ruwa ne sai da inshora, don a wasu ƙasashen Turai takardar kuɗin ceto takan biyo mutum har gida.

Abokan hawana suna shirin zuwa Kalymnos, wani tsibiri a Girka. Da can mutanensa da nutso suke ci, suna tsamo soson teku su sayar. Wajen 1996 wani ɗan Italiya, Andrea di Bari, ya ga duwatsun ya dawo da injin huda, yanzu hanyoyin ƙusa dubbai ne a wurin, kuma masu masauki da masu hayar babur da masu abinci duk da baƙin mahaya suke rayuwa. Har masu tsananin ra'ayin gargajiya, da ruwan Ingila ya ishe su, can suke gudu su maƙala ƙugiya suna murmushi. Su tikiti kawai za su yanka. Ni da koren fasfo sai na nemi bizar Shengen, kuma samun ranar ganawa ma aiki ne, don haka ban sa rai sosai ba a bana.

A gaishe da Hajiya da kyau, da su Anti da yara duka. Maganin gwiwar da ta ce in nema na samu, zan ba wanda zai taho ƙarshen wata.

Ƙaninka.