Budurwar karya ta fara cizo: tiyata, takunkumi ko mai horo, wanne za ka fara kashe wa kuɗi?

Ranar da karya ta fara yi wa mutanen gida gurnani ko ta kai wa hannu cizo, abin da kan fara zuwa wa mai ita shi ne a cire mata mahaifa a huta. A ganina wannan ne ya kamata ya zo a ƙarshe.

Karya takan fara neman barbara tana da wata 6 zuwa 12, manyan jinsi kuma kan jinkirta fiye da haka. Abin yakan ɗauki mako 2 zuwa 3, ya riƙa dawowa kusan duk wata 6. Bayan ya wuce da wata ɗaya ko biyu, wasu sukan yi cikin ƙarya: nono ya kumbura har ya kawo ruwa, ta kwashi takalmi ko tsumma ta kai lungu tana gadi kamar 'ya'yanta ne. A nan ne wadda ba ta taɓa nuna haƙori ba take cizon duk wanda ya matso. Yawanci yakan wuce da kansa cikin 'yan makonni, idan ya tsananta kuma likitan dabbobi na iya ba ta wani magani mai suna cabergoline. Saboda haka kuɗin farko na ganin likita ne, domin ciwon kunne, haƙori ko ƙugu ma kan sa kare mai haƙuri ya koma mafaɗaci.

Tiyatar tana da amfani na gaske. Tana kawar da haɗarin taruwar mugunya a mahaifa, wanda kan kashe karya, kuma idan an yi da wuri tana rage kansar mama. Amma ba maganin cizo ba ce. Wani bincike da O'Farrell da Peachey suka wallafa a Birtaniya a 1990 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aikin kafin su cika shekara, alhali sun riga sun fara nuna faɗa, sukan ƙara zafi bayansa. Lokaci ma abin lura ne: idan aka yi tana cikin cikin ƙarya, alamun na iya daɗewa ba su tafi ba. Shi ya sa likitoci kan ce a jira kamar wata 3 bayan ta gama neman barbara.

Abin da zan ce ka saya yau shi ne takunkumi, kuma a nan ake yawan kuskure. Akwai na ƙyalle mai ɗaure baki gam, ya fi araha kuma ya fi samuwa. An yi shi ne don 'yan mintoci, kamar lokacin allura ko yankan farce. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, idan ka rufe masa baki ka fita da shi cikin rana, zafi na iya halaka shi. Na kwando, irin su Baskerville, shi ne na fita yawo: tana haki, tana shan ruwa, kana iya miƙa mata lada ta cikin ramukan. Na roba ya fi sauƙin ɗauka, amma karya mai ƙarfin muƙamuƙi da ta riga ta ji wa mutum rauni, na waya ya fi dacewa da ita. Ka auna tsawon hancinta da kewayensa kafin ka biya, ka bar sararin da za ta buɗe baki sosai. Kada ka ƙaƙaba mata shi ranar farko. Ka riƙa sa abinci a ciki kwana da kwanaki har ta fara cusa hancinta da kanta.

Abin wuya mai ba da shokin lantarki ko mai ƙayoyin ƙarfe, don Allah ka bar shi a kanti. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta na lantarki tun 2010. Yakan hana gurnani, tsoron kuwa yana nan, sai ka wayi gari da karya mai cizo ba gargaɗi. Feshin ƙamshin kwantar da hankali ba ya cutarwa, amma kada ka dogara da shi.

Keji ko ƙaramin shinge da zai raba ta da yara lokacin cin abinci da barci ya fi yawancin waɗannan kayan amfani. Idan za ka ɗauki mai horo, ka tambaye shi abin da yake yi idan kare ya yi masa gurnani. Wanda ya ce danne shi yake yi a ƙasa don ya san babba, ka nemi wani.

Ka tabbatar an yi mata rigakafin haukan kare, idan kuma ta ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti. Sannan ka riƙa rubuta ranar da ta fara jinin neman barbara da ranar kowane cizo, da abin da take yi a lokacin. Da wannan takardar likita zai gane ko sauyin jikinta ne ko tsoro, kuma da ita zai tsayar da ranar tiyata idan an yanke shawarar yi.