Akirilik ko silikon a rufin RV? Ni dai silikon zan ce ka saya

Alhaji barka da arziki da wannan tirelar kwana, wato RV, da ka samu, Allah ya sa alheri ya kiyaye hanya. Kan maganar fentin akirilik ko silikon da ka tambaya wanne zaka shafa a rufin robar nan don hana yoyo, tunda a Houston kake ajiye ta kamar ni, silikon zaka saya kawai kar ka tsaya dogon lissafi. Duka biyun na shafa su da hannuna, ɗaya har yau ina sa mishi albarka, ɗayan kuwa in na tuna kuɗina sai raina ya ɓaci.

Tawa ƙafa 28 ce, rufin EPDM, irin robar nan da in ta tsufa farin samanta yake komawa kamar alli, ka goga hannu ya fito fari fat, ruwa kuma in ya sauko ya bar maka baƙaƙen layuka a jikin mota. A 2022 na shafa mata Henry Tropi-Cool, wanda aka rubuta silikon ɗari bisa ɗari a jikin bokitin. Ni da babban yarona muka yi aikin, kwana ɗaya cur a wanki kaɗai ya tafi, sabulu da burushi mai dogon hannu muna gurza muna ɗaurayewa har ruwan ya dena fitowa fari. Muka bar ta ta sha rana kwana biyu sannan ranar Asabar da hantsi bayan raɓa ta kama gabanta muka hau da rola. Abin kauri gare shi kamar kindirmo, ba ya gudu a rola, kafin la'asar kafaɗata ta dena jin magana. Uwargida kuwa tun da ta ga rasit take mita, wai fenti ne ko zinare.

Toh sai ga guguwar Beryl a watan Yuli 2024, ku da kuke nan kun san abinda aka gani, mutum sama da miliyan 2 babu wuta ga zafi kamar a tanda. Da iska ta lafa na je inda nake ajiye motar gabana na faɗuwa, na buɗe ƙofa na fara shinshina, domin yoyo hanci ne ke fara kama shi kafin ido. Babu warin danshi. Na bi silin da tafin hannu lungu lungu, na buɗe kabad ɗin sama na laluba kusurwa, a bushe ƙamas. Na hau sama sai ga ruwa kwance gefen iyakwandishan ya yi ɗan tafki da ganyaye da ƙananan rassa a ciki, na sa tsintsiya na ture, ƙasan yana nan lafiya lau ko kumbura bai yi ba. A cikinta muka kwana da yara da ɗan janareto har aka dawo mana da wuta a gida, tun daga ranar ban sake jin maganar zinare ba.

Dalilin kuwa ba boyayye bane. Silikon ba da ruwa aka dama shi ba, danshin iska ne ma ke sa shi ya kama, kaga damshin Houston da ke damun kowa shi gaba ta kai shi. Kusan duk abinda ka shafa shi ne zai zauna a rufin, kuma ruwa ya kwana ya wuni a kansa ba ya laushi, rana ma ba ta cinye shi ya koma gari. Rufin tirela kuwa in ta kwana biyu dole ka samu inda ya ɗan lotsa, musamman wajen iyakwandishan saboda nauyi, nan ruwa ke samun wurin zama.

Akirilik dai yana da araha kuma rolarka da ruwan famfo zaka wanke ta, iyakar yabon da zan iya mishi kenan. Shi na sa a tirelata ta farko, kusan rabin bokitin ruwa ne da zai bi iska, sai ka yi shafi biyu, baya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 50 na ma'aunin nan wato 10 a namu na gida, ga tsoron hadari kafin ya bushe, kuma daidai inda ruwa ke kwanciya nan ya fara kumbura yana saɓulewa kamar fatar maciji. In a Arizona kake inda sama ke rowar ruwa sai in ce bismillah, amma nan a'a.

Sai dai fa bari in faɗa maka gaskiya kar gobe ka ce na rufe ka, silikon takalmin kaza ne mutu ka raba. Ranar da ka shafa shi ka gama da duk wani abu da ba silikon ba, babu abinda ke kama jikinsa sai ɗan'uwansa. Gam ɗin Dicor da kowa ke zubawa a bakin tagogin rufi ba zai kama ba, tef ɗin EternaBond mai shegen riƙon nan ma ɗagowa zai yi, akirilik kuwa ko a mafarki. Saboda haka duk wani gyara yi shi kafin ka buɗe bokiti. In kana da niyyar ɗora sola ɗora ta yanzu, in murfin tagar banɗaki ya tsage canza shi yanzu, tsohon gam da ya farfashe a kankare shi da abin kankara na roba a zuba sabo a bari ya bushe sosai, inda robar ta yage a liƙe da tef. Ni sai bayan shekara na tuna ina son ƙara farantin sola ɗaya, haka na zauna da wuƙa ina yanke silikon ina kankarewa har sai da na kai ga roba, wlh aikin awa ɗaya ya cinye min wuni.

Abu na biyu santsi, in ya jiƙe kamar an zuba miyar kuɓewa, kar ka kuskura ka hau da safe da raɓa ko da silifas. Yana kuma kama ƙura, farin nan mai ɗaukar ido na ranar farko zai dushe, ni sau biyu a shekara nake wanke shi da sabulun wanke kwanuka shikenan.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya tabbatar da irin rufin naka tukuna. Shiga banɗaki ka kwance sukurorin da ke riƙe da firam ɗin tagar sama, zaka ga bakin robar an lanƙwaso shi ciki, in sama fari ƙasa baƙi EPDM ce, in launi ɗaya ne gaba da baya to mai yiwuwa TPO ce, wata irin shimfiɗar rufin daban, ita kuma sau da yawa sai an fara sa mata firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, karanta jikin bokitin. Kar ka wanke EPDM da fetur ko kananzir ko tina, kumbura take ta saki katako. Kuma yi ɗan gwaji, shafa wuri kamar tafin hannu ka nutsa ƙyalle a ciki ka bar jelarsa a waje, bayan kwanaki ka ja, in ya taso salin alin kamar ɓawon ayaba to wankinka bai yi ba. Lissafin yawa kuma mai sauƙi ne, tsawo sau faɗi, ƙafa 30 sau 8 ya ba ka 240, sai ka duba abinda galan ɗaya ke rufewa.

Baka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hankali da 'yan damfara a harkar nan. Akwai masu sa ragowar bokiti a Facebook rabin kuɗi su ce sabo ne, silikon kuwa da zarar iska ta shige shi ya fara daskarewa, ka kai gida ka buɗe ka tarar da fata a sama kamar ganda. Akwai kuma wanda za a rubuta kalmar silikon ɓaro ɓaro a gaba alhali akirilik ne aka ɗan ɗiga mishi, juya bayan bokitin, in an ce a wanke rola da ruwa to ba shi bane. Sai masu yawo da mota a wuraren ajiye RV suna cewa zasu fesa maka yau yau da garanti na har abada, kuɗi hannu, babu wanki babu komai, bayan wata uku lambar wayar ta dena shiga. Wanda ya fi ci min rai shi ne mai sayar da tsohuwar tirela da zai shafe ruɓaɓɓen rufi da sabon fenti ana gobe zaka zo gani. Kai ma da ka sayi ta hannu hau ka bi ta da rarrafe kana dannawa da tafin hannu, musamman kusurwoyi huɗu da gefen tagogi, duk inda ka ji ya yi lumbu lumbu kamar burodi katakon ƙasa ya tafi, wannan sai an ɗaga roba an canza shi, babu fentin da zai tashe shi.

In ka danna ko'ina ka ji tauri, sayi silikon ɗinka da rola biyu uku don ba a wanke su yarwa ake. Tsanina da dogon burushin suna nan a gareji, in ka sa rana ka min magana tun ranar Alhamis in duba yanayin sama, sai in zo da yaron mu taya ka.