Spitfire ɗina da fiffiken da ya iso a karye

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tun ranar da na saka hoton jirgin nan a kan teburi mutane suke ta tambayata wai shi kuma wannan na mene ne, to yau na samu sarari bari in ba ku labarin, don akwai abin da ya faru da ni a kansa nan Ingila wanda har yanzu yana raina.

Spitfire ne, jirgin da Birtaniya ta yi yaƙin duniya na biyu da shi, ya fara tashi a 1936. Na ainihin faɗin fiffikensa ya ɗan haura mita 11, nawa kashi 1 cikin 6 ne, mita 2 ba kaɗan, da rimot ake tuƙa shi daga ƙasa. Kuma ba a haɗe yake zuwa ba, kwali ne cike da katakon balsa, wani katako mara nauyi, yanka yanka da takardar zane, kai za ka zauna da gam da wuƙa kana haɗawa wata da watanni.

Na daɗe ina tara kuɗinsa kafin na yi oda a wani ƙaramin shago ta intanet. Ranar da kwalin ya iso na ga gefe ɗaya a lotse, ina buɗewa gabana ya faɗi, dogon katakon da yake riƙe fiffike ya tsage tun daga tsakiya, robar da take rufe wajen zaman matuƙi ita ma ta dare gida biyu. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Na ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, na yi bidiyo, na nemo risit, na tsara maganar da zan yi in sun ce ni na karya, har na shirya abin da zan faɗa in sun kashe min waya, saboda abin da na sani ke nan tun tasowata, in kaya ya lalace a hannunka sai ka yi ɗamarar rigima.

Da safe na kira. Wata mata ce ta ɗauka, ta ba ni haƙuri, ta tambayi lambar oda, ta ce in turo hoto ɗaya. Shi ke nan fa. Ko minti 5 ba mu yi ba. Ni da na kwana ina haɗa hujjoji sai na tsaya riƙe da waya na rasa ta cewa. Kwana 3 sai ga sabon katako da sabuwar roba an naɗe su da kyau cikin kwali mai kauri, na sake kira in ji ina zan aika karyayyun, ta ce in riƙe abina za su yi min amfani ranar gyara. Abin da ya ƙarasa kashe min jiki, bayan kwana biyu wani dattijo daga shagon ya kira ni da kansa, wai ya ga ni sabon kastoma ne, in kula da ma'aunin nauyi domin hancin Spitfire gajere ne, yawanci sai an saka masa dalma a gaba, in jela ta fi nauyi ba zai tuƙu ba ko a hannun gwani. Kusan rabin awa yana min bayani, bai tallata min ko ƙusa ɗaya ba.

Daga baya na gane akwai doka a bayan abin, dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa, abin da ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka fasa ko lafiyarsa ƙalau. Amma ni abin da ya tsaya min shi ne matar nan ta yarda da maganata ba rantsuwa ba shaida. Mu a gida mai kaya zai dube ka ya ce ai lafiya lau ka tafi da shi, kuma in za mu faɗi gaskiya mu masu sayen ma muna da namu laifin, mutum zai fasa abu da hannunsa ya dawo yana rantse rantse haka ya same shi. Kowa ya sa ɗan uwansa ya daina yarda da shi, abin nan yana min ciwo sosai.

Kar ku ɗauka komai daɗi ne nan. Sai ka yi rajista da hukumar jiragen sama ta CAA ka manna lambarka a jikin jirgin, sai ka shiga ƙungiyar BMFA ta masu tuƙa irin waɗannan ƙananan jirage saboda inshora, sai ka biya kuɗin kulob ɗin da za ka riƙa tashin jirgin a filinsa, in injin mai ne a auna ƙararsa daga nisan mita 7 kar ta wuce decibel 82 a ma'aunin ƙara don maƙwabta. Kuma a kulob sun ce ba zan ɗaga Spitfire ba sai na ƙware a jirgin koyo mai fiffike a sama, malami yana gefe da rimot ɗinsa haɗe da nawa. Na ji haushi ranar amma suna da gaskiya, tayoyin Spitfire a matse suke, in ka rage gudu da yawa wajen sauka fiffike ɗaya zai faɗi ya kifa da kai ƙasa, na gani da idona, aikin shekara guda ya zama tsinke.

Sai yanayi. Ka yi cajin batir tun daren Juma'a, gari ya waye da ruwa da iska, ka je fili takalmi ya nutse a taɓo yatsu su ƙandare a kan rimot. A nan ne kewar gida take kama ni, in tuna sararin samanmu tas da safe da fili iya ganinka. In tuna kuma yaranmu masu basira da suke ƙera jirgi da tarkacen da suka tsinta, maimakon a ja su a jiki sai a ce ba su da aikin yi. Nan tsoho ɗan shekara 70 ne zai durƙusa a ciyawa yana nuna wa yaro yadda ake ɗaura farfela.

Yanzu dai na gama fenti, kore da ruwan ƙasa irin na 1940, na saka dalmar a hanci kamar yadda dattijon ya ce. Saura gwajin da kulob za su yi min, malamina ya ce in iska ta lafa ran Asabar za mu gwada. Ku sa ni a addu'a.