Kafin ka sayi filashi ko faifan ajiya a Jidda, san irin tsarin da za ka yi masa

Bayan Umrar Ramadan da ta wuce, wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya kawo mini filashi mai giga 64, ya ce: "Yaya, mai shago ya sayar mini da lalatacce." Bidiyon walimar saukar Alƙur'ani yake son zubawa, fayil ɗaya mai giga shida, kwamfuta kuwa ta ce ya yi girma alhali filashin fayau yake. Lafiyarsa ƙalau. Tsarin ajiyar da ya zo da shi, wato FAT32, shi ne ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga huɗu. Shi ya sa nake gaya wa 'yan'uwa, ko a Titin Falasɗinu na Jidda za ka saya ko a shagon Jarir, tambayar farko ba ta girma ko riyal nawa ba ce, ta waɗanne na'urori za ka riƙa soka shi ce.

FAT32 tsoho ne, tun 1996 Microsoft ta fito da shi, kuma tsufansa shi ne amfaninsa. Rediyon mota, tsohuwar talabijin, na'urar buga takarda, kusan duk suna gane shi. In ƙaramin filashi kake so don sauraron karatun Alƙur'ani a mota tsakanin Makka da Madina, bar shi a haka.

NTFS kuwa na Windows ne tun 1993, kuma da yawa daga cikin manyan faifan ajiya da shi suke fitowa daga kwali. Yana da wata rijista da yake rubuta abin da yake shirin yi kafin ya yi, saboda haka in wuta ta ɗauke ko aka fizge waya, galibi yakan gyara kansa. Matsalar tana wajen Mac, wato kwamfutar kamfanin Apple: zai buɗe maka fayil ka gani, ka kwafa, amma ba zai bari ka zuba sabo ko ka goge ba, sai ka sayi wata manhaja irin ta Paragon ko Tuxera. Linux, wadda ita ma manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, ba ta da wannan damuwar, tana karantawa tana rubutawa. Shi kuma APFS, wanda Apple ta kawo a 2017, na gidan Apple ne kaɗai. Ka soka shi a Windows ta ce maka a yi masa fomat, wato a share shi a sake masa tsari, kuma wallahi na ga wanda ya danna "to" ya share hotunan Hajjin mahaifiyarsa. Ext4 na Linux ma haka yake, Windows da Mac ba sa gane shi da kansu.

Saura exFAT, kuma shi nake zaɓa wa duk faifan da zai riƙa yawo hannu-hannu. Ya fito a 2006, ba shi da iyakar giga huɗun nan. Mac na rubutu a kansa tun 2010, Linux ta shigar da shi cikin ƙashin bayanta a 2019, iPhone ma na buɗe shi tun iOS 13. Katin ajiya da ya wuce giga 32 da shi yake zuwa. Wayoyin Android ne kawai suka sha bamban, sababbi na karɓa, wasu tsofaffi ba sa karɓa, don haka gwada a wayarka tun kana gaban mai shago.

Amma fa exFAT ba shi da rijistar nan ta NTFS, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka zare shi yana tsakiyar rubutu, za ka iya rasa babban fayil ko jaka guda. Kullum ka danna alamar cirewa, ka jira ta ba ka izini. Kuma kada ya zama nan ne kaɗai kundin digirinka ko takardun iƙamarka suke. Ni faifai biyu gare ni: mai NTFS yana zaune a gida kusa da kwamfuta, mai exFAT shi ke shiga aljihu. Mai amfani da Mac kaɗai, na gidan sai ya zama APFS.

Wanda aka rubuta "na Mac" a kwalinsa, sau da yawa bambancinsa da ɗan'uwansa tsarin da aka yi masa ne kawai, kuma kai ma za ka iya sauya wa faifai tsari cikin minti biyu, da Disk Utility a Mac ko ta danna maɓallin dama na linzami a kan faifan ka zaɓi Format a Windows. Ka yi shi ranar da ka saya, tun babu komai ciki, domin fomat yana share duk abin da ya tarar. In kuma ka sayi mai tera ɗaya, wato giga dubu, ka ga Windows ta nuna giga 931, ba a cuce ka ba: kamfani da dubu yake ƙirga, Windows da 1024.