Manhajar koyon kalmomin fushi da duka a Turanci: ta yi, amma da gyara

Akwai wata manhajar koyon Turanci da ta ware sashe guda sukutum kan aikatau na fushi da na nuna ƙarfi, shi na bi daga farko har ƙarshe, kuma gaskiya duk wanda angry da beat ne iyakacin jarinsa zai ƙaru sosai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba jera kalmomin suka yi kamar ƙamus ba, sun tsara su ne bisa zafin fushin, kowace da ɗan gajeren bidiyonta. Wurin seethe an nuna wani mutum zaune a taro ya dunƙule hannu ƙarƙashin tebur, jijiyar wuyansa ta miƙe amma bai ce uffan ba, wato yana tafasa a ciki, kuma dama asalin ma'anar kalmar a tsohon Turanci tafasa ne. Fume kuma daga kalmar Latin ta hayaƙi take, shi wannan yana huci yana kai da kawowa kowa ya ga ransa a ɓace. Daga nan sai snap at, ka yi wa mutum tsawa a gajarce, sai lash out, ka huce kan wanda ke kusa ko da ba shi ya taɓo ka ba, sai rant da rave masu zuba ba birki, can ƙoli kuma go berserk wadda ta fito daga mayaƙan tsohuwar Sikandinabiya da ke haukacewa a fagen yaƙi, da run amok da Turawa suka aro daga harshen Malay.

Ɓangaren duka ma sun yi ƙoƙari wallahi, don a nan mutane ke cakuɗa komai. Smash ka buga abu da ƙarfi ya fashe, shatter ya tarwatse ƙanana-ƙanana irin na gilashi, batter kuma dole a maimaita dukan, shi ya sa ake cewa guguwa ta yi battering ɗin gaɓar teku. Pummel naushi ne a jere, bludgeon sai da makami mai nauyi irin kulki, maul kuma galibi dabba ce ta yayyaga mutum, zaki ko kare. Da ka ga bidiyon ka ji ƙarar, shi kenan ta zauna.

To ga inda na ke da ƙorafi. Ba su tsaya kan ƴan ƙananan kalmomin da ke biyo bayan aikatau ba alhali nan ne rigimar take, throw the ball to him ka jefa masa ya cafe ne amma throw the ball at him jifan sa ka yi, haka shout to kira ne daga nesa shout at kuwa masifa ce, ka ga harafi biyu kacal ya mayar da wasa faɗa amma ko darasi ɗaya babu a kai. Sannan sun zuba enrage da infuriate da incense cikin jerin su seethe kamar aikinsu ɗaya, bayan waɗannan wani ka ke fusatawa da su, ba za ka ce I infuriate ka yi shiru ba, sai dai ka ce I was infuriated.

Na biyu, ba sa faɗin inda kalma ta dace. Slam da blast a kanun jarida suka ne kawai da baki, in ka ga an ce minista ya yi slamming ɗin ƴan adawa ba wanda aka maka da ƙasa, ɗan jarida ne ke neman gajeriyar kalma da za ta shiga layi. Smite kuma ta tsoffin littattafan addini ce, ka faɗe ta a hira sai a yi maka dariya. Manhajar duk kuɗin goro ta yi musu. Gwajin ƙarshen darasi ma sauƙinsa ya yi yawa, zaɓi huɗu ne uku a ciki ko kusa ba su yi ba, ko da ido rufe ka ci.

Ni dai shawarata, mai rubuta labari ko fassara ko mai son gane fim ba tare da karanta rubutun ƙasa ba ya sauke ta, amma ya buɗe ƙamus na masu koyo a gefe irin na Oxford ko Longman, su suna nuna ko at ne ko to ke biyo baya da kuma ko kalmar ta hira ce ko ta rubutu. Wanda kuwa yanzu ya fara Turanci ya dakata tukuna, don bayanin ciki duk da Turanci aka yi shi kuma mai maganar sauri gare shi.