Kalmar "threshold" da shafin ƙamus na Oxford

Aikin fassara nake yi, kuma da kalma ɗaya nake gwada kowane ƙamus na Turanci: "threshold". Da ita na gwada shafin Oxford Learner's Dictionaries, wanda ya samo asali daga ƙamus ɗin masu koyon Turanci na A. S. Hornby da jami'ar Oxford ta buga a 1948.

Ma'anar farko ba ta da wuya, dokin ƙofa ne, wurin da ƙafa ke tsallakewa in za a shiga ɗaki. Ta biyun ce ta daɗe tana ba ni wahala. Shekara da shekaru ina rubuta "iyaka" a duk inda na gamu da ita, alhali iyaka inda abu ya ƙare ce. Sai da na zauna na karanta jimlolin misali na shafin ɗaya bayan ɗaya, sannan na gane cewa "threshold" inda abu ke farawa ne. "Pain threshold" shi ne matakin da jiki ke fara jin zafi. "Tax threshold" kuwa adadin kuɗin shiga ne da in mutum ya kai shi haraji ya hau kansa. Haka ma a zaɓen Jamus, inda jam'iyya kan buƙaci kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u kafin ta shiga majalisa, wannan kalmar ce Turawan Ingila ke amfani da ita. Ashe duk dokin ƙofar ne, ana tsallake shi a shiga wani hali. Shi ya sa "on the threshold of" yake daidai da "gab da" namu.

Na ji daɗin muryoyi biyu da shafin ke furta kalmar da su, ta Ingila da ta Amurka, domin an rubuta h ɗaya a tsakiyar kalmar amma ana jin sh sannan h. Akwai kuma ɗan bayanin asali, wanda ya danganta ta da "thresh", wato sussuka, ta fuskar tattakawa da ƙafa.

Shafin Turanci ne zalla, don haka nemo kalmar Hausa aikinka ne. Shawarata ga ɗalibi ita ce kada ya tsaya a ma'anar farko, ya gangara ya karanta misalan har ƙarshe.