Garejin Gwajin Mota da Kwamfuta: Yadda Suka Bi Diddigin Lambar P0705

Garejin da wannan sharhi ya shafa yana cikin birnin Kano, kuma sana'arsa wayarin mota da gwaji da kwamfuta. Na kai musu ƙaramar motata mai giya otomatik bayan da fitilar gargaɗin inji ta kama, motar kuma ta riƙa ƙin tashi idan sandar giya tana kan P (fakin), sai an mayar da ita kan N (firi) sannan kik ya amsa. Fitilun ribas ma sukan kama yau, gobe su ƙi.

Babban makaniken ya jona na'urarsa a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wato mashigar tsarin OBD-II da ake karanta matsalolin mota ta cikinsa, wanda Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tun 1996. Lambar da ta fito ita ce P0705, wadda ke nufin akwai matsala a layin wutar sensar da ke gaya wa kwamfutar mota inda sandar giya take. Wannan sensa, wadda a motoci da yawa ake ɗaure ta a jikin akwatin giya ta waje, daidai inda kebul ɗin sandar giya yake haɗuwa, ita ce ke hana inji tashi sai a P ko N, kuma ita ce ke kunna fitilun ribas. Idan saƙonta ya rikice, kwamfuta kan rasa matsayin giya, har a wasu motocin ta kulle su a giya guda don kada akwatin ya lalace.

Abin da ya ɗaga darajar wannan gareji a idona shi ne ba su ɗauki lambar a matsayin hukunci ba. A wurare da yawa, da zarar an ga lamba ta ambaci sensa, sai a tura mai mota kasuwa ya sayo sabuwa, alhali lambar tana nuni ne ga layin wutar gaba ɗaya: sensar kanta, soket ɗinta, wayoyinta, da saitin da aka yi mata. Makaniken ya sa yaronsa ya taka birki yana jan sandar giya daga P zuwa R (ribas), N da D (tafiya gaba), shi kuma yana kallon abin da kwamfutar motar take karantawa a allon na'urar. A kan N da D karatun ya yi daidai, amma a kan P da R sai ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Daga nan ya cire soket ɗin sensar, ya nuna mini koriyar tsatsar da ta cinye wasu ƙafafunsa, ya kuma tambaye ni ko ana wanke mini inji da ruwa mai ƙarfi, domin wankin inji da shiga ruwan damina su ne suka fi jawo irin wannan. Bayan ya goge soket ɗin, ya auna sensar da mita a kowane matsayi na giya, ya tabbatar lafiyarta ƙalau, sai dai ta ɗan goce daga alamar saitinta ta N. Ya sassauta ƙusoshinta, ya daidaita ta, ya ɗaure, ya goge lambar, sannan muka zagaya da motar domin a ga ko za ta dawo. Ba ta dawo ba, kuma ban sayi ko da ƙusa ɗaya ba.

Ya kuma yi mini bayanin da na ji daɗinsa, cewa P0705 tana da 'yan uwa: P0706 idan saƙon sensar bai yi daidai da tafiyar motar ba, P0707 idan wutar ta yi ƙasa, P0708 idan ta yi sama. Ƙananan na'urori masu arha da ake haɗawa da wayar hannu, in ji shi, sau da yawa kwamfutar inji kaɗai suke iya karantawa, don haka a wasu motoci P0700 kawai za su nuna, wadda ba ta cewa komai face akwai ƙorafi daga ɓangaren giya.

Inda suka gaza a fili yake. Ba sa ba da sakamakon gwaji a rubuce, abin da zai taimaki mai mota idan matsala ta sake tasowa a wani gari, kuma jira yana da tsawo saboda na'urar guda ce, babban makaniken ne kaɗai yake taɓa ta. Kuɗin gwaji daban yake da kuɗin gyara, kuma sun faɗa mini hakan tun kafin su fara aiki.

Wanda zai je, ya sammaka, ya rubuta alamomin da ya gani da lokacin da suke faruwa, kuma kada ya bari a cire kan batir ko a goge lambar kafin ya isa, domin bayanan da kwamfuta ta adana a lokacin da matsalar ta auku su ne makaniken yake fara dubawa.